Fitilu a Hannun Hagu

Ranar da jirgin ruwa ya sauke ni a Ingila babu wanda ya zo taryata. An ce wani daga ofishin ɗalibai zai tsaya da sunana a kwali. Na yi ta duban kwalaye har idona ya yi yaji, ban ga Umaru ba, ban ga Wurno ba. A lokacin saura 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki, gwamnati ta fara tura 'yan Arewa koyon ayyukan da a da sai farar fata, ni kuwa rabona ya faɗa kan tuƙin jirgin sama. Ban taɓa shiga jirgin sama ba ko sau ɗaya. Abin da na sani kawai na ci lissafi a Midil ta Sakkwato, wani Bature ya tambaye ni ko ina jin jiri in na hau dogon icce, na ce a'a.

Mai tasin da ya ɗauke ni zuwa tashar jirgin ƙasa ya mai da ni ɗan ƙauye. Sau uku muna wuce wata coci mai babban agogo. Na gane sarai zagaye yake yi da ni, raina kuma ya ɓaci, amma mutumin yana da furfura, sai na yi shiru. Na biya shi, har da godiya. Kafin mu isa jirgina ya tafi.

Ina zaune a kan akwatina, sanyi ya hana ni ko da kuka, sai na ji Hausa a bayana, Hausar ma irin tamu.

"Kai, mi as same ka kaz zamna bisa akwati kamar wanda anka kora? Ɗan ina na kai?"

Na waiga. Wani dattijo ne baƙi, da doguwar kwat da hular ulu, ga tsage a kumatunsa. Na yi zumbur na durƙusa a kan simintin nan mai jiƙa, Turawa na kallo. Na ce, "Daga Wurno nike, Baffa."

"Wurno! Tashi, tashi, nan ba a durƙuso, sai su ce hwarhwaɗiya gare ka. Ni ɗan Rara na, ƙasar Rabah. Jirginka ya wuce, sai gobe. Ɗauko kayanka."

Sunansa Baffa Na'Allah. Soja ne da aka kai yaƙin Bama, da aka gama bai koma gida ba, ya shiga aikin zuba gawayi a jiragen ruwa. Ɗakinsa guda ne a saman wani bene mai warin kifi. Ya tuƙa mini tuwon garin shinkafa, ya fito da wani gwangwani daga ƙarƙashin gado kamar mai fito da zinariya, ashe kuka ce. Ina ci hawaye na zuba cikin miya, shi kuwa ya juya baya yana gyaran murhun da ba abin da ya same shi. Da safe ya sa ni a jirgi, ya rubuta mini adireshinsa a bayan tikiti.

Makarantar tana wani ƙaramin gari kusa da teku: filin ciyawa, rumfunan kwano, da 'yan jirage masu kujera biyu. Gida uku na ƙwanƙwasa neman ɗaki, duk da takardar haya manne a taga, da an buɗe an gan ni sai ɗakin ya riga ya samu mai shi. Wata gwauruwa ce ta karɓe ni, da sharaɗin kada in yi girki. A kasuwar garin akwai mai sayar da albasa, wata 'yar ƙwailar albasa da a Wurno ko jaki ba za a ɗora wa ba, amma nakan tsaya kusa da teburinsa don warin kawai. Ya zaci ɓarawo ne, ya riƙa janye kwandonsa.

Wanda aka haɗa ni da shi ya koya mini tuƙi shi ne Kyaftin Wilmot. Ya yi yaƙi a sama, kansa fari fat, kunnensa ɗaya wuta ta taɓa. Ban taɓa ganin Bature mai haƙurinsa ba. In na zo sauka jirgi ya yi ta tsalle a kan ciyawa, sai ya ce, "Umaru, sauka ɗaya na ce, ba uku ba." Ran Lahadi yakan kai ni gidansa, matarsa ta dafa kifi saboda ni. Ina kiransa Malam, da na gaya masa ma'anarta ya ji daɗi ƙwarai.

Ni ne kaɗai baƙar fata a makarantar, kuma doka a kaina a fili take: ɗalibin gwamnati in ya yi babban laifi, jirgin Legas ne. Komawar ba ita ke ba ni tsoro ba, abin da zan tarar ne. Mahaifina, Malam Buhari, malami ne mai almajirai manya, yana kuma noman albasa da shinkafa a fadama. Da ya sa ni boko abokansa malamai sun ce zan dawo ba malami ba, ba Bature ba. Wasu sun daina zama a zaurensa. Wasiƙarsa ta farko da ta same ni, da ajami, har yanzu na haddace ta:

"Bayan gaisuwa, albasa ta yi kyau bana. Innarka na tambaya ko kana samun hura. Malam Isa da yab bar yi man magana tun randa nis sa ka boko, shekaranjiya ya tsaida ni bakin masallaci, yac ce, ashe ɗanka jirgi shika koyo? Nic ce mai awo, shi shika koyo. Ka riƙe mutunci, ka bi malamanka, kada ka ɗaga musu murya."

Sai na faɗa muku yadda ake gyara wa babba a gidanmu, in ba haka ba za ku ce ni wawa ne. Ba a cewa babba ya yi kuskure. In mahaifina yana karantarwa ya tsallake layi, babban almajirinsa zai yi gyaran murya. In bai ji ba sai ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, littahina kamar tawada ta ɓata wurin ga." Malam ya sake dubawa, ya gyara da kansa, ba wanda ya ji kunya. Haka na tashi na gani, kuma yana aiki, domin babban ma yana sauraron irin wannan magana. Sau ɗaya ina yaro na ce wa kawuna ba haka ba ne a gaban mutane, Inna ta murɗe mini kunne har na kwana uku ina jin zafi.

Na kusa shekara, na iya tashi da sauka ni kaɗai, aka zo kan tuƙin dare. Ranar da abin ya faru za mu yi tafiya mai nisa zuwa arewa mu dawo. Aikina ne in tsara hanya a takarda kafin mu tashi. A gabas da hanyarmu, wato hannun dama, a bakin teku, akwai wani yanki da aka zagaye da jan layi a taswira. Nan sojojin sama ke gwajin harbi da jefa bam, an kuma sanar cewa daren nan suna aiki. Shigarsa shi ne babban laifin da ba a yafewa.

Iska tana busowa daga hagu, tana tura jirgi zuwa wajen jan layin. Maganinta shi ne a karkata hancin jirgi zuwa hagu, yadda kawunnaina na Rimawa ke fuskantar da jirgin ruwa wajen da ruwa ke fitowa in za su ƙetare gulbin Rima da damina, don kada ruwa ya sauke su a gonar wani. Na yi lissafina sau biyu, na rubuta lambar da zan riƙe a kamfas.

Kyaftin ya shigo a gajiye. Tun safe yake sama da ɗalibai, idonsa ya yi ja. Ya karɓi takardar a tsaye, ya dube ta, ya ce, "Ai ka juya lambar baibai, Umaru." Ya zare fensir a bayan kunne, ya soke lambata, ya rubuta tasa. Na duba. Shi ne ya juya ta. Maimakon hagu ya karkata mu dama, wato mu da iska mun haɗa kai za mu tura jirgi wuri ɗaya.

Ga ɗalibai biyu a ɗakin, ga akawu. Na yi gyaran murya. Ya ce, "Mura ke damunka? Ka sa mayafi a wuya." Na ce, "Malam, wataƙila fensirina ne bai fito sosai ba a wajen iskar." Ya ce, "Ya fito, rubutunka ya fi nawa kyau. Mu tafi." Na ninke takardar na sa a aljihun gwiwa. Na ce a raina in mun hau sama zai gani da kansa, wannan ƙasarsa ce.

Muka tashi. Ba wata, ga hazo shimfiɗe a ƙasa, fitilun garuruwa suna bayyana suna ɓacewa. Al'adar Kyaftin ce in ya yarda da ɗalibi ya naɗe hannu ya kishingiɗa, ya bar masa jirgi. Da can ina alfahari da hakan. Daren nan kuwa da na ga ya naɗe hannu sai na kafa wa kamfas ido.

Dabara ta zo mini. Na riƙa sato hancin jirgin zuwa hagu kaɗan-kaɗan, ina komawa lambata ba tare da na ce komai ba. Na kusa isa sai ya buɗe ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa gilashin kamfas da yatsa. Ya ce, "Kana kaucewa. Riƙe lambar da na ba ka." Na ce, "To, Malam." Na mai da hancin da hannuna, ina sane da inda nake mai da shi.

Akwai wani babban gari da ya kamata mu bari a hannun dama. Bayan kamar minti ashirin sai ga shi ya fito daga hazo, a hannun hagu. Na matso da abin magana bakina, na ce, "Malam, fitilun garin can suna da kyau a hannun hagu."

Wallahi da mahaifina na faɗa wa haka, da tuni ya karɓi taswira. Kyaftin bai ko juya ba. Ya ce, "Suna da kyau. Dare yana da daɗi in mutum ya saba."

Haushi ya kama ni, na shi da na kaina. Wane irin babba ne wannan da za a yi ta ba shi hanya yana ƙin bi? Kalmar tana bakina, gajeriya ce, na san ta da Turanci, na san ta da Hausa. Na buɗe baki in faɗe ta. Sai na ji kaina ina tambaya, "Malam, daga nan ana ganin teku?" Ya ce cikin barci, "A'a, teku na can nesa." A daidai lokacin fitilu suka ƙare a gabanmu. Ƙasa ta koma baƙi ƙirin, ba gida ba hanya, kuma na san abin da ke yin baƙi haka: bakin teku ne, cikin jan layi.

Farkon abin da na gani wasu jajayen ɗigo ne a ƙasanmu, suna tafiya a jere kamar tartsatsin maƙera, sannan wani haske ya tashi daga laka ya mutu. Kafin in gane harbi ne, wata fitila daga ƙasa ta kama mu. Cikin jirgi ya yi fari fat, ban ga kamfas ba, ban ga hannuna ba. Jar wuta ta hau sama ta fashe a gefenmu, wata ta biyo ta. Sai wani abu ya wuce ta kanmu da ƙarar da ban taɓa jin irinta ba, jirginmu ya kife gefe ɗaya, kaina ya bugi gilashi. Jirgin yaƙi ne, da ya yi ƙasa kaɗan da ba mai ba da wannan labari. Na ji ina salati da ƙarfi.

Kyaftin ya yi ihu, "Na karɓa!" Ya fizge sandar tuƙi, ya jefa mu hagu, ya murɗa rediyo. Wata murya tana ta tsawa a kunnenmu: wane ne ku, me kuke yi nan, an tsai da harbi saboda ku, ku bi fitila ku sauka nan take. Na dube shi a hasken nan. Mutumin da ban taɓa ganin ya girgiza ba, ga shi yana kiran sunan wani da ba ni ba. Ina jin yaƙinsa ne ya dawo masa. Duk da haka ya sauke mu lafiya a filin sojoji, sauka ɗaya.

Motoci suka kewaye mu. Wani hafsa ya haska fuskata da tocila, ya tambayi Kyaftin, ba ni ba, "Wannan kuma me yake yi a kujerar matuƙi?" Aka raba mu. Aka sa ni a wani ɗaki mai benci, aka yi ta tambayata wa ya aiko ni, me na gani, ina na ɓoye kyamara. Ni da ko agogon hannu na aro ne. Da suka gaji, wani saje mai ƙaton ciki ya shigo da bargo da shayi, ya zuba sukari har cokali na tsayawa, ya ce, "Sha, ɗana. Kowa ya firgita yau, har su."

Da gari ya waye aka mai da mu makaranta a bayan babbar mota. Mun yi nisa, sannan Kyaftin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Umaru, kai ke riƙe da sanda. In an tambaye ka, ka ce hanci ya kauce maka ba ka lura ba. Ɗalibi faɗa kawai ake yi masa. Ni in aka ce ni ne, sun karɓe takardata ke nan, kuma ban iya wani aiki ba." Na ce, "To, Malam." Takardar hanya tana aljihun gwiwata, ina jin ta kamar garwashi.

An sa ranar bincike bayan kwana uku. Kashegari akawun makaranta ya ja ni gefe, ya ce sojoji sun kawo ƙara mai zafi, sai an kori wani za su huce, har an buga waya ana tambayar ranar tashin jirgin Legas. Ashe ba faɗa ba ne kawai. Na fita daga ofishin na wuce tasha, na shiga jirgin ƙasa zuwa wurin Baffa Na'Allah.

Na same shi yana cin abinci. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce, "Tsaya, tsaya. Kai ka ga kuskuren tun ƙasa?"

"Na gani, Baffa."

"Mi kac ce mai?"

"Na yi gyaran murya."

Ya ajiye cokali ya dube ni. "Gyaran murya. Ga Bature." Ya yi dariya har ta koma tari. "Shekara nawa nike cikinsu, ban taɓa ganin Bature guda da gyaran murya yat tsaida ba. Su in ba ka ɗauki magana ka aza musu bisa hanci ba, ba su ganin ta. Kai, da kun mutu hwa, da ladabinka!"

Na ce, "To yanzu ƙaƙa za ni yi? Mutumen ga malamina na, ya riƙe ni kamar ɗa, ya roƙe ni. Ƙaƙa za ni tona mai asiri gaban mutane, da hurhuratai?"

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Ni ban ce ka tona ba, ban ce ka ruhe ba. Tambaya guda za ni yi ma. Malam Buhari shi ba shi da hurhura?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "In anka kore ka, kai yaro na, ka tahi Kano ka yi aikin akawu, a mance. Shi ka zama ƙohwar gida kullum, mutane na wucewa suna gaishe shi, shina sane da abin da suka hwaɗi in sun ba da baya. Tsoho biyu gare ka, ɗana, guda dole shi ji kunya. Ni ban zaɓa ma."

Ranar bincike mutum uku ne a bayan tebur: shugaban makaranta, wanda tsoho ne da ya girmi mahaifina, da hafsoshi biyu. Kyaftin ya yi bayani a taƙaice, ya ce ya gaji, ya amince da ɗalibi, ɗalibi ya kauce. Aka juyo kaina. Na zaro takardar na ajiye a kan tebur. Shugaban ya sa tabarau, ya ga lambata a soke, ya ga ta sama da ita da rubutun da ya sani. Ya miƙa wa Kyaftin. Kyaftin ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Hannuna ne." Ban dube shi ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na zaci shi ke nan na tsira. Sai shugaban ya cire tabarau ya ce, "Lissafinka daidai ne. Yaushe ka san an ɓata shi?"

Na ce, "Tun a ƙasa, ranka ya daɗe."

"Tun a ƙasa. Kuma ba ka faɗa ba?"

Nan raina ya ɓaci, don na ga za a ɗora mini abin da ban yi ba. Na ce, "Na faɗa! Na yi ta faɗa masa."

"Me ka ce?"

"Na ce fitilun garin suna da kyau a hannun hagu."

Ɗaya daga hafsoshin ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Shugaban bai yi dariya ba. Ya ce, "Kyaftin ya yi kuskuren lissafi, kowa na yi. Kai kuwa ka sani, ka riƙe sanda da hannunka, ka kai mutum biyu bakin bindiga don kada ka ɓata wa wani rai. Gobe in an ba ka jirgi da mutum arba'in fa? Wanda bai sani ba zan iya koya masa. Kai ban san yadda zan yi da kai ba." Suka fitar da mu. Da yamma aka ce an dakatar da Kyaftin daga koyarwa. Ni kuma zan tashi sau ɗaya da shugaban, shi zai yanke ko in zauna ko in tafi.

Muka tashi daren Alhamis, hanyar nan dai. Na tsara lissafina, bai taɓa shi ba. Mun wuce rabin hanya, garin nan na dama inda ya kamata, sai ya ce, "Juya dama, ka riƙe gabas." Gabas jan layi ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, na zargi gwada ni yake yi, yaro ma zai zarga. Amma sanin hakan bai sauƙaƙa komai ba. Na dubi farin kan nan a hasken kamfas, na ji bakina ya fara da kansa, "Ranka ya daɗe, wataƙila taswirata ce..." Na datse.

Na ce, "A'a."

Ya juyo. "Me ka ce?"

"A'a. Ka yi kuskure. Gabas filin harbi ne, ba zan juya ba."

Ya daka mini tsawa, ya ce shi ne shugaba, in juya ko in tattara kayana gobe. Ya kai hannu kan sanda. Na riƙe ta da ƙarfi har yatsuna suka sandare, na ce, "In ka karɓa ka karɓa, amma ka yi kuskure." Muryata ta fita da ƙarfin da ban yi niyya ba. Sai ya janye hannu, ya naɗe, ya bar mini jirgi har muka sauka. Da na kashe inji ya ce, "Litinin ƙarfe takwas, kada ka makara." Na sauko na zagaya bayan rumfa na yi amai.

Ran Litinin na zo da wuri, na tarar da Kyaftin Wilmot a bakin ofis yana sa kwalin kayansa a bayan mota. Na so in ɓuya, ƙafata ta ƙi. Na je na cire hula na durƙusa a kan tsakuwa, na ce, "Malam, ka yafe mini. Takardar nan..."

Ya ce, "Tashi, Umaru. Takardar ba komai, hannuna ne, kuma bai kamata in roƙe ka abin da na roƙe ka ba." Ya rufe bayan motar. "An ce ka yi wa tsohon ihu a sama. An ce har ka ce masa ya yi kuskure."

Na ce, "Haka ne, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana juya makulli a hannu. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ni fa? Shekara guda kana cin abinci a gidana. Da ka faɗa mini haka a ɗakin can, da na sake dubawa, minti ɗaya ne. Da yanzu ina da aikina."

Gaskiya ya faɗa. Duk abin da na yi don kada ya ji kunya a gaban ɗalibai biyu da akawu na yi shi. Ya shiga mota ya tayar. Na tsaya riƙe da hula har ya fita ƙofar filin, ban sake ganinsa ba.